Yadda Za Ka Haɗa Katin Huji Ka Tace Bayanai Da Tsinke, Kamar Yadda Aka Yi Kafin Kwamfuta

A ƙarshen shekarar 1958 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Harold Leavitt da Thomas Whisler, suka buga maƙala a mujallar Harvard Business Review a kan yadda tafiyar da kamfanoni za ta kasance a shekarun 1980. A ciki suka ce wata sabuwar fasaha ta kunno kai cikin ofisoshi, har lokacin kuma ba a tsayar mata da suna ɗaya ba, saboda haka su za su kira ta "information technology". Sunan ya zauna, shi ne ake taƙaitawa IT. Sun kasa fasahar gida uku: hanyoyin sarrafa bayanai masu yawa cikin sauri, amfani da lissafi da alƙaluma wajen yanke shawara, da kuma sa kwamfuta ta kwaikwayi zurfin tunanin ɗan Adam.

Kaso na farko ya girmi sunan da kusan shekara saba'in, kuma ba da kwamfuta aka fara shi ba. Da kwali aka fara, kwali mai huji. Wanda ya yanka irin waɗannan katuna da hannunsa, ya jera su da tsinke, zai gane abin da rumbun bayanai ke yi a ɓoye fiye da wanda ya haddace ma'anarsa don jarrabawa. Kayan aikin kuwa kusan duka a kantin littattafai ɗaya ake samunsu.

Inda dabarar ta fito

Huda kati don ya ba inji umarni dabarar masaƙa ce. A 1804 Joseph Marie Jacquard na birnin Lyon a Faransa ya haɗa masaƙar da jerin katuna masu huji ke gaya mata zaren da za ta ɗaga. Charles Babbage a Ingila ya ɗauko dabarar ya sa a tsarin injin lissafinsa a shekarun 1830, sai dai bai kai ga ƙera injin ba. Wanda ya mai da kati ma'ajiyar bayanan mutane shi ne Herman Hollerith.

Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1880 ta ci wajen shekara takwas kafin a gama lissafa ta da hannu, ga shi dokar ƙasa ta ce duk shekara goma sai an sake. Hollerith ya lura da yadda kwandastan jirgin ƙasa ke huda tikiti a wurare daban-daban don ya nuna siffar fasinja, dogo ne ko gajere, namiji ko mace. Sai ya ce a ba kowane mutum kati guda, kowace amsa kuma a ba ta wurinta a jikin katin. Injinsa yana da faranti biyu. Na sama cike yake da allurai masu sifirin, na ƙasa kuma ƙananan kofuna ne masu zaiba a ciki. Ma'aikaci zai ɗora kati a tsakani ya danna. Inda babu huji, allura ta tsaya a kan kwali. Inda akwai huji, ta ratsa ta taɓa zaibar, wuta ta zaga, hannun ɗaya daga cikin agogunan ƙirga arba'in da ke gaban injin ya matsa ɗaya. A gefe kuma murfin wani aljihu ya buɗe da kansa, ma'aikacin ya jefa katin a ciki. Da wannan aka yi ƙidayar 1890, jimillar mutane, kimanin miliyan 63, ta fito kafin shekarar ta ƙare. Kamfanin da Hollerith ya kafa a 1896 ya haɗe da wasu a 1911, a 1924 aka raɗa wa haɗakar suna IBM.

Ba kowane ofis ke iya hayar irin wannan inji ba. Ƙananan ofisoshi da ɗakunan karatu sai suka koma ga wani kati mai arha wanda hujinsa ke jere a baki, ba ya bukatar wuta, tsinke kawai ake soka masa. A Amurka kamfanin McBee ya sayar da shi da sunan Keysort, a Ingila ana sayar da irinsa da sunan Cope-Chat. Shi za mu haɗa.

Kayan aiki

Ka nemi kwali mai girman A4 guda ashirin, mai nauyin giram 200 zuwa 250. Takardar rubutu ta giram 80 ba za ta yi ba, bakinta yagewa yake tun a suka ta uku ko ta huɗu. Kwalin da ya wuce giram 300 kuma wahalar hudawa gare shi. Kowane A4 in an raba shi huɗu yana ba da kati mai tsawon milimita 148 da faɗin 105. Guda 16 sun ba ka kati 64, sauran huɗun na maye gurbin waɗanda za su lalace ne, kuma za su lalace.

Kada ka yanka da almakashi. Ka kai wa masu ɗab'i su datse maka duka a lokaci ɗaya da injin yankan takarda. Bambancin milimita biyu tsakanin kati da kati ya isa ya hana tsinke wucewa.

Sai abin huda takarda mai baki ɗaya, wanda ake riƙewa kamar filaya, mai hujin milimita 6. Mai baki biyu na fayil yana huda wuri biyu da tazarar milimita 80 a tsakani, zai ɓata maka awo. Sai tsinke mai santsi guda biyu, tsawon santimita 20 zuwa 25, kaurinsa kada ya wuce milimita 3, wato rabin hujin. Allurar saƙa ta ƙarfe ta fi kyau. Tsinken tsire ma yana yi in an goge shi da sanfefa an dakushe tsininsa. Ragowar su ne rula, fensir, ƙaramin almakashi mai kaifi, maka, da robar ɗaure kuɗi.

Katin awo da huda

Ka ware kati ɗaya ya zama na awo. A doguwar gefensa ta sama ka ja layi milimita 7 daga baki. A kan layin ka sa ɗigo na farko milimita 14 daga gefen hagu, sannan ka riƙa sa ɗigo duk bayan milimita 12. Za ka sami ɗigo 11, na ƙarshe ya faɗi milimita 14 daga gefen dama. Ka yi haka a gefen ƙasa. Ka huda kowane ɗigo a tsakiyarsa. Da wannan awon, tsakanin huji da bakin kati akwai kwali milimita 4, tsakanin huji da huji kuma milimita 6. Wannan 'yar gadar ta milimita 4 ita ce ke riƙe kati a kan tsinke. In ta yi siriri ta yage, in ta yi faɗi yankan giɓi ya yi wuya.

Yanzu ka ɗora katin awo a kan kati biyu, ka daidaita gefensu a kan tebur, ka huda ta cikin hujin na awon. Biyu-biyu, kada ka ƙara. In ka cusa biyar, na ƙasa zamewa suke yi hujinsu ya karkace. Aikin nan huji 1,408 ne, saboda haka a aji gara a raba wa ɗalibai, amma kowa da katin awon da aka kwafa daga na farko, ba wanda ya auna nasa ba.

Da ka gama, ka tara su duka ka datse kusurwar sama ta hagu, kimanin milimita 8. Hujin dama da na hagu daidai suke, don haka kati zai iya juyawa ya kwanta lafiya a cikin 'yan uwansa yana ba da amsar ƙarya. Datsattsiyar kusurwa ce ke tona shi: duk wanda ya juya, kusurwarsa za ta leƙo. Katunan IBM ma haka aka datse musu kusurwa, saboda wannan dalili. Kafin ka ci gaba, ka soka tsinke a kowane huji 22 ta cikin tarin gaba ɗaya. Inda ya cije, ka nemo katin da ya tare hanya ka jefar da shi.

Raba wa huji aiki

A ce rajistar ƙungiyar manoma ce mai mutum 60. Kowane mutum kati ɗaya, sunansa da sauran bayaninsa a rubuce a tsakiya. Ƙa'idar ɗaya ce tak: in amsa "i" ce, ka yanke gadar da ke tsakanin huji da baki, hujin ya zama giɓi. In "a'a" ce, ka bar shi. Kati mai giɓi ba ya zama a kan tsinke, faɗowa yake yi.

Giɓin ka yanke shi da faɗi, bakinsa ya ɗan fi hujin buɗewa, kamar milimita 8 a sama yana tsukewa zuwa cikin hujin. In ka tsaga shi kawai da almakashi, leɓɓansa biyu za su maƙale tsinke, katin da ya kamata ya faɗo ya ƙi.

A gefen sama, huji huɗu na hagu ka ba amfanin gona: masara, gero, dawa, shinkafa. Wanda ke noma biyu a yanke masa biyu. Na biyar ka bar shi a matsayin tazara. Shida na dama na lambar mutum ne, ka rubuta musu 32, 16, 8, 4, 2, 1. Kowace lamba daga 0 zuwa 63 tana fitowa daga haɗa waɗannan, kuma hanya ɗaya ce kawai ake haɗa ta. Ka fara daga babba: lamba 45 ta ɗauki 32, saura 13, 16 ta yi mata yawa, a tsallake, ta ɗauki 8, saura 5, ta ɗauki 4, saura 1, ta ɗauki 1. Giɓi huɗu ke nan: 32, 8, 4, 1. Lamba 27 kuma 16, 8, 2, 1. Wannan shi ne lissafin sifili da ɗaya da kwamfuta ke yi, giɓi ɗaya ne, huji sifili.

A gefen ƙasa ka ba namiji huji ɗaya, mace huji ɗaya, biyan kuɗin ƙungiya huji ɗaya. Wani zai ce huji ɗaya ya isa jinsi, wanda bai faɗo ba ai ɗayan ne. Ya isa in babu mantuwa. Amma katin da aka manta ba a yanke ba zai shige cikin ɗaya ɓangaren ba wanda ya sani. Da huji biyu, in ka soka na maza ka soka na mata, duk abin da ya rage a hannunka kuskure ne.

Takwas ɗin da suka rage na shekaru ne, huɗu na gommai, huɗu na ɗaiɗai, kowane rukuni ka rubuta masa 7, 4, 2, 1. Uku ita ce 2 da 1, biyar 4 da 1, shida 4 da 2, takwas 7 da 1, tara 7 da 2, sifili babu giɓi. Mai shekara 38 za a yanke masa 2 da 1 a gommai, 7 da 1 a ɗaiɗai. Masu Keysort sun zaɓi 7 maimakon 8 da gangan. Da 8 aka sa, lamba bakwai sai ta ci giɓi uku, 4 da 2 da 1. Da 7 kuwa babu lambar da ta wuce giɓi biyu, bakin kati ya fi ƙwari, aikin yanka ya ragu.

Tacewa

Ka daidaita tarin a kan tebur, fuskarsa tana kallonka. Ka soka tsinke a hujin masara har ya fita ta baya. Kada ka matse katunan. Tarin 64 bai fi kaurin santimita biyu ba, ka bar su su baje a kan tsinken kamar santimita shida ko bakwai don iska ta shiga tsakaninsu. Ka ɗaga kaɗan, ka girgiza a hankali kamar mai tankaɗe gari. Masu noman masara za su zubo, sauran su rataye.

Daga nan tambayoyi iri uku suke fitowa. In kana son mata masu noman masara, ka soka masara, ka kwashi waɗanda suka faɗo, ka soka musu hujin mace. In huji biyun a gefe ɗaya suke, kamar masara da gero, ka soka tsinke biyu a lokaci guda, wanda ke da giɓi a duka biyun ne kaɗai zai faɗo. In kuwa masu masara ko gero kake so, ko wanne, ka soka masara ka ajiye waɗanda suka faɗo, ka soka gero a cikin ragowar, ka haɗa tuli biyun. Waɗanda ba su biya kuɗi ba su ne suka rage a kan tsinke bayan ka soka hujin biya. "Da", "ko" da "banda" ke nan, ginshiƙan lissafin da George Boole ya tsara a tsakiyar ƙarni na 19, wanda Claude Shannon ya nuna a 1937 cewa makunnan lantarki za su iya aiwatar da shi.

Shekaru suna da ɗan tarko. Neman 'yan shekara talatin da wani abu sauƙi gare shi: tsinke biyu a 2 da 1 na gommai, lamba uku ce kaɗai ke da su duka. Amma in ka nemi 'yan ashirin ka soka 2 kawai, masu 2, 3, 6 da 9 duk za su zubo, domin kowannensu yana da giɓi a nan. Sai ka ɗauki waɗanda suka zubo ka soka musu 1, ka riƙe waɗanda suka rataye, ka soka musu 4, sannan 7. Abin da ya tsira a kan tsinke sau uku shi ne 'yan ashirin na gaskiya.

In kana cike jadawali, kowane rabo ka ƙirga tulin da ya faɗo da wanda ya rage, su haɗu su ba da adadin da ka fara da shi. Jimillar maza da mata dole ta zama 60. Jimillar masu masara, gero, dawa da shinkafa kuwa za ta wuce 60, kuma ba kuskure ba ne, mutum ɗaya an ƙirga shi a gona biyu.

Jerawa

Nan ne abin ke ba mutane mamaki. Ka cakuɗa katunan yadda kake so. Ka soka tsinke a hujin 1, mafi ƙanƙanta. Waɗanda suka faɗo ka ɗauke su yadda suke, kada ka sauya musu jeri, ka mai da su bayan tarin. Ka soka 2, ka yi haka. Sannan 4, 8, 16, 32. Suka shida, kati 64 sun jeru daga 0 zuwa 63, ba tare da ka karanta ko ɗaya ba.

Ka fara gwadawa da kati takwas don ka ga dalili. A ce a jere suke haka daga gaba: 5, 2, 7, 0, 3, 6, 1, 4. Sukar 1 za ta zubo da 5, 7, 3, 1, su koma baya, jeri ya zama 2, 0, 6, 4, 5, 7, 3, 1. Sukar 2 za ta zubo da 2, 6, 7, 3, jeri ya zama 0, 4, 5, 1, 2, 6, 7, 3. Har yanzu kamar ba a yi komai ba. Sukar 4 za ta zubo da 4, 5, 6, 7, waɗanda suka rataye kuma 0, 1, 2, 3 ne. An gama. Sirrin shi ne kowace suka tana raba tarin biyu ba tare da ta taɓa jerin da sukar baya ta bari a cikin kowane ɓangare ba. Suka ta ƙarshe ita ke da babbar magana, shi ya sa ake barin babban huji zuwa ƙarshe. Wanda ya fara daga 32 ya gangaro zuwa 1 zai ƙare da lambobin da biyu ke rabawa a gaba, sauran a baya, ba jeri ba.

Kowane huji da ka ƙara ninka adadin yake yi. Bakwai na jera kati 128, goma na jera 1,024.

Jerin shekaru suka takwas ne: 1, 2, 4, 7 na ɗaiɗai, sannan 1, 2, 4, 7 na gommai. Tunda a gefen ƙasa suke, ka juya tarin kamar sitiyari, fuskar tana nan tana kallonka. In ka kifa shi ta sama, na gaba ya koma baya, aikin da ka yi ya birkice. In kana son masu shekaru ɗaya su bi lambarsu, ka fara jera lamba, sannan ka jera shekaru. Abin da ya fi muhimmanci kullum shi ake yi a ƙarshe.

Abin da ke ɓata aiki

Mafi yawan jerin da ya ƙi, zubowa ce ta ɓata shi. An ɗaga tarin sama sosai, katunan da suka faɗo suka watse a kan tebur, aka tattara su yadda aka ga dama. Kada ka ɗaga fiye da santimita biyar, kuma ka kafa tafin hannu ɗaya a gefe su sauka a tsaye suna jingine. Wasu sukan yi aikin a cikin kwalin takalmi da aka cire wa gefe ɗaya.

Na biyu shi ne mannewa. Kati mai giɓi ya maƙale tsakanin maƙwabtansa biyu, ya tashi tare da su. Da damina kwali kan sha danshi ya kumbura, abin ya ƙaru. Da hunturu kuma ya bushe ya lanƙwashe. Ka ajiye tarin a ɗaure da roba tsakanin kwali biyu masu kauri, cikin leda, nesa da taga. Bayan kowace suka ka leƙa saman waɗanda suka rataye: in ka hango giɓi a inda tsinke yake, akwai wanda ya maƙale. Waɗanda suka faɗo kuma in ka daidaita su, giɓinsu zai zama kwari ɗaya miƙaƙƙe daga gaba zuwa baya.

Gada in ta yage, kati ya koma cewa "i" a inda ya kamata ya ce "a'a", kuma ba zai nuna alama ba sai dai bakin ya yi gashi-gashi maimakon yanka mai tsabta. Ana iya liƙa salatif a sake hudawa, amma salatif yana kama na kusa da shi. Gara ka sake sabon kati. Haka ma in ka yanke giɓi a inda bai dace ba. A ɗakunan huda na IBM, bayan ma'aikaciya ta huda kati, wata daban take sake buga bayanin a kan injin tantancewa, in ya yi daidai injin ya yi wa katin ɗan giɓi a gefen dama. Ka kwaikwayi wannan: wanda ya yanka daban, wanda zai karanta giɓin ya gwada da rubutun daban.

Da jeri ya kammala, ka matse tarin ka ja layi da maka a karkace a kan gefensa, daga kusurwa zuwa kusurwa. Duk katin da ya bar wurinsa, ɗigonsa zai fita daga layin.

Karanta katin IBM

A 1928 IBM ta fito da katin da ya mamaye ofisoshi kusan shekara hamsin: tsawo milimita 187, faɗi 83, kauri kimanin 0.18, huji mai kusurwa huɗu, gurbi 80 a tsaye, layi 10 a kwance, waɗanda daga baya aka mai da su 12. Kowane gurbi harafi ɗaya ne ko lamba ɗaya. Ba sai ka huda ba, ka zana shi a takarda mai gida-gida ka riƙa cike gida da fensir. Layukan daga sama sunansu 12, 11, 0, sannan 1 zuwa 9.

Lamba huji ɗaya ce a layinta. Harafi huji biyu ne a gurbi ɗaya. A zuwa I suna ɗaukar layi na 12 tare da 1 zuwa 9. J zuwa R suna ɗaukar 11 tare da 1 zuwa 9. S zuwa Z suna ɗaukar 0 tare da 2 zuwa 9, kuma a nan masu koyo ke tuntuɓe, domin S daga 2 ta fara, ba daga 1 ba. Rubuta KANO: K ita ce 11 da 2, A 12 da 1, N 11 da 5, O 11 da 6. Babu ƙananan haruffa a wannan tsarin, balle ƙ, ɗ da ɓ.

Injin jera waɗannan katuna yana da aljihu 13, ɗaya ga kowane layi, ɗaya na waɗanda ba su da huji a gurbin. Gurbi ɗaya yake dubawa a kowane zagaye, kuma daga lambar ƙarshe ta dama ake farawa, daidai da yadda ka yi da tsinke. Irin wannan injin mai suna IBM 082 yana wuce kati 650 a minti. Haruffa kuwa zagaye biyu suke ci a kowane gurbi, tunda huji biyu gare su.

Zuwan kwamfutar lantarki bai kori kati nan take ba. ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania a Fabrairun 1946 da ƙwayayen lantarki kusan 18,000, da katin IBM ake ba ta lambobi, a kati kuma take fitar da amsa. UNIVAC ta farko, wadda hukumar ƙidayar Amurka ta karɓa a 1951, da tef take aiki, sai da aka haɗa mata injin kwashe bayanan kati zuwa tef. Akwatin kati 2,000 yana ɗaukar harafi 160,000. Gigabait ɗaya zai ci kati miliyan 12 da rabi, in an ɗora su bisa juna tsayinsu ya haura kilomita biyu.

Masu rubuta manhaja da Fortran, harshen ba kwamfuta umarni da IBM ta fitar a 1957, layin umarni ɗaya suke sa wa a kati ɗaya. Gurbi na 1 zuwa 5 na lambar layi ne, na 6 alamar ci gaba daga katin baya, 7 zuwa 72 umarnin kansa. Takwas na ƙarshe, 73 zuwa 80, kwamfuta ba ta kula su, an bar su ne don lambar jeri, saboda ranar da akwati zai suɓuce katuna su watse a ƙasa. Mai lamba sai ya kwashe ya kai wa injin jerawa. Gwanaye ba sa ba katuna lamba 1, 2, 3, sai 10, 20, 30, don in an bukaci cusa sabon umarni tsakanin 20 da 30 a ba shi 25, ba sai an sake huda duk na bayansa ba.